Hannun Lawwali na Hagu

Sakkwato, watan cika-ciki, 1347

Takarda daga hannun Maccido ɗan Malam Hamidu zuwa ga yayarsa Hindatu a Illela. Gaisuwa da ban girma da fatan alheri. Ina fata ciwon gwiwar nan ya sake ki, kuma damina ta sauka muku lafiya. Mu nan ruwa ya zauna, an gama shuka. Maiɗakina Ramatu tana gaishe ki, tana gaida tsohuwa Baraka da sauran mutanen gida.

Bayan haka, Yaya, wani abu ya faru a ofis, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Baturen makaranta ya zo mana da faɗa, wai hakimai suna aiko masa da 'ya'yan barorinsu suna ɓoye nasu, mu kuma ma'aikatan En'e da muke rubuta takardun neman yaran ba a ga namu a aji ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Da ya zo kaina ya ce, da irin Hausarsa, "Kai, kana da yaro?" Kin san abin da ba ya faɗuwa a bakina. Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, na ci gaba da duban ƙasa. Malam Attahiru, abokin aikina, shi ya fitar da ni. Ya ce akwai, ɗan fari ne, yana Illela wajen goggonsa tun yaye. Ya yi ƙoƙarin fahimtar da shi cewa mu ba ma kama sunan ɗan fari, ba ma yin maganarsa a gaban mutane. Bature ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin dabarar ɓoye yaro mai kyau kamar wannan ba. Ya ce yana so ya gan shi a aji kafin girbi.

Saboda haka ina roƙonki ki shirya yaron wajenki, ki haɗa shi da Abu mai jakai in zai kawo kaya birni. Na san naki ne, ke aka ba, ni ba ni da ta cewa a kansa. Amma aikina ya rataya a kan wannan, kuma ko ba don haka ba, shekara shida ta isa a fara zama gaban malami. Zai sauka gidan Malam Attahiru, katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Allah ya ƙara girma. Wassalam.

Illela, watan Safar

Daga Hindatu zuwa ga ƙanena Maccido, magatakarda. Gaisuwa mai yawa. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ka. Gero ya kai ƙugu a gonakin Darna, tafkin Kalmalo ya ciko har masunta sun ja bukkokinsu baya. Ka gaida Ramatu.

Na karanta takardarka. Na ga alƙalaminka ya iya rubuta Abu, ya iya rubuta Baraka, har ciwon gwiwata ya samu shiga, amma wanda aka yi takardar dominsa ya zo a "yaron wajenki". Ban zarge ka ba, haka muka tarar ana yi. Ni dai ba ɗan farina ba ne, don haka bari in tuna maka: sunansa Lawwali. Mutanen unguwa kuwa Don-mi suke ce masa, saboda ba ya wuce abu bai tambayi dalilinsa ba.

Ka ce shekara shida ta isa a fara. Wa ya gaya maka bai fara ba? Bara da rani ayarin Buzaye ya sauka a filin bayan gidanmu. Yaron nan ya tare a wurin, abinci ma sai an bi shi da shi. Ya lura kowane raƙumi yana da tabon wuta a wuya ko a cinya, kuma tabon ba iri ɗaya ba ne. Ya zo ya ce, "Goggo, don mi anka ƙone su?" Na ce shaida ce, da ita ake sanin mai raƙumi. Ya koma. Sai ga shi da tsinke yana zana shaidun a rairayi, har ya kai in raƙumi ya ɓata cikin na wasu, Buzayen kan kira shi cikin wasa ya nuna musu. Bayan ayarin ya tashi ya rasa abin zanawa, ya zauna yana tunani, sannan ya tambaye ni ko maganar mutane ita ba a yi mata shaida. Ran nan na zana masa harafin "ba". Ya ce kwalekwale ne da dutse a ƙarƙashi. Bai bi baƙaƙen yadda aka jera su ba. Ya ɗauki sin don tana da haƙora. Alif ya ce sanda ce kawai, ba ruwansa da ita, sai da ya ga ba a rubuta sunan Abu sai da ita ya dawo ya karɓe ta. Yanzu in an sauke huhun goro a zaure, yana karanta sunan mai shi kafin idona ya gano inda aka rubuta.

Ban taɓa zaunar da shi ba. In ya zo da tambaya sai in ba shi rabin amsa, ya tafi neman sauran. In ya gaji ya tafi wasa, ba na kiransa. Wani lokaci sai ya yi mako bai taɓa tsinken ba, yana bin tururuwa ko yana kallon marina, in ƙyale shi, don na ga duk inda ya je da wata tambaya yake dawowa.

Ka tuna yadda muka yi karatu a zauren Baba. Kai aka zaunar, aka ba ka allo, aka ajiye bulala kusa. Ni mace ce, an manta da ni. Ina bayan zana ina kaɗi, ina jin abin da ake dukanka a kai. Ba wanda ya damu ko na iya, shi ya sa na iya. Ban ce na fi ka sani ba. Amma har yau in ka ga rubutu sai ka gyara zama, ni kuwa in na gani sai in ji daɗi.

Ka gaya wa Baturenka yaro yana karatu. In yana son gani, hanyar Illela a buɗe take, jakai ma suna binta.

Sakkwato, ƙarshen Safar

Zuwa ga Yaya Hindatu, gaisuwa da ladabi. Muna lafiya, sai zazzaɓin damina da ya taɓa Ramatu, ya kuma sake ta.

Na ji labarin raƙuman, kuma ya yi mini daɗi, ko da yake bai kamata in faɗa ba. Amma Abu ya ba ni wani labarin da ba ki rubuto ba. Ya ce da bazara yaron ya bi masunta har Kalmalo don ya ga inda kifi ke kwana, sai da wani ya hau gora ya tsamo shi. Ya ce har yau in yana Fatiha yakan tsallake aya in hankalinsa ya tafi wani wuri, kuma in manya suna magana sai ya tsoma baki. Yaya, yaron da aka bi ransa, ransa ne malaminsa, ran nan kuwa shekararsa shida.

Ke yaro ɗaya gare ki da yini guda cur. Malamin aji yana da yara cike da ɗaki. In kowa zai fara da baƙin da ya ba shi sha'awa, yaushe za a gama? A makaranta akwai ƙararrawa, akwai lokacin shiga da na fita, ana farawa daga farko a bi a hankali, kowa tare, mai sauri ya jira, mai nawa a ja shi. Ba mugunta ba ce. Zamanin da ke zuwa haka yake, ina ganinsa kullum a ofis: ba ya jiran mutum sai ya ji sha'awa. Dubi yaran Illela da aka bari suka bi ransu. Suna bayan jakai tsakanin nan da Ƙonni, wanda Faransawa suka kama kuma ya tafi fasa dutse a hanyarsu. Bulalar Baba ta yi zafi, ban manta ba, amma ita ta zaunar da ni a inuwa.

Bature ya sake tambaya, wannan karon bai yi dariya ba. In yaron bai zo ba za a ce na yi wa hukuma wasa, kin kuwa san abin da ke biyo bayan wannan. Tun ranar da aka miƙa miki shi ban taɓa roƙonki komai a kansa ba. Yau na roƙa.

Illela, watan Mauludi

Maccido, gaisuwa. Allah ya ƙara wa Ramatu sauƙi, ka ce ta riƙa shan sabara.

Ga Lawwali nan tare da Abu. Ban aiko shi don ka rinjaye ni ba. Na aiko shi don ba na so a ce ɗan Malam Hamidu ya rasa aiki saboda taurin kan yayarsa. Maganar Kalmalo gaskiya ce, ta Fatiha ma gaskiya ce. Ban ce hanyata ba ta da rami ba, na dai san inda ramukan suke.

Abu ɗaya zan gaya maka, ka karanta shi da kyau. Lawwali bahago ne. Ci da karɓa da gaisuwa na koya masa da dama, bai yi gardama ba, don na gaya masa dalili. Amma zane da hagu yake yi. Na kuma lura in aka karɓe tsinken aka sa masa a dama, ba hannun kaɗai ke tsayawa ba, har bakin. Baraka ta taɓa gwadawa ba na gida, ta ce ba ta iya kallon ɗan malamai yana rubutu da hannun tsarki. Na dawo na tarar da yaro yana haɗiye magana kamar mai ƙaya a wuya, sai washegari ya sake. Niyyata in bar shi har ranar da zai so rubuta aya a allo, in ce masa wannan da dama ake yi, ya kai kansa can da ƙafarsa. Ranar tana tafe, har ya fara zagaya allon Baba yana shafawa.

Na san abin da malamai ke yi wa bahago. Ka je da kanka ka gaya wa malaminsa kada a ɗaure hannun, kada a doke shi, a ba shi lokaci. Kai za ka je, ba aike ba. Na san girman abin da nake nema a wurinka. Kunya riga ce mai kyau, amma ana tuɓe ta in za a shiga rijiya.

Da ana ɗora shi a kan jaki ya ce, "Goggo, don mi za ni?" Na ba shi rabin amsa kamar kullum, na ce don ya ga yadda wasu mutane ke yi wa magana shaida. Sauran rabin yana wurinka. Ya tambayi Abu ko akwai rairayi a Sakkwato, Abu ya ce har ya yi yawa, sai hankalinsa ya kwanta.

Da an yanke gero zan ƙetara Ƙonni, ƙanwar marigayi maigidana tana kwance. Ba zan daɗe ba in Allah ya so.

Sakkwato, Rabi'us Sani

Zuwa ga Yaya, gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, an fara cin sabon gero.

Sun iso lafiya. Abu ya ce tun daga Illela har ƙofar gari tambaya ake yi masa, kunnensa har yanzu yana ƙara. Na hangi yaron daga nesa. Goshin Baba ne sak.

Game da abin da kika ce. Na tashi na tafi, har na kai ƙofar makarantar. Na tarar malamin yana zaune a gindin bishiya da mutane, cikinsu akwai waɗanda suka san ni tun ina ɗaukar wa Baba buta. Yaya, ta ina zan buɗe baki in ce ɗana kaza ne, a yi masa kaza? Kafin la'asar gari ya ɗauka Maccido ya je nema wa ɗan farinsa sauƙi. Na gaishe su, muka yi maganar damina, na wuce. Na tura Malam Attahiru. Malamin ya karɓe shi da mutunci. Ya ce bahagwai da yawa sun bi ta hannunsa, ba wanda ya fita da hagu, kuma iyayensu godiya suke yi masa. Ya ce shi ba ya duka a kan wannan, ƙyalle kawai yake sawa ya ɗaure hannun a bayan ƙugu lokacin aji, a kwance in an tashi. Da Attahiru ya ce goggon yaron ce ta roƙa, sai ya ce tausayin mata ne, in uban yaro yana da ta cewa ai yana gari.

Ban ga illa ba tukuna. An ce yaron ya iya zama wuri ɗaya, ya iya tashi in malami ya shigo, ya daina tsoma baki. A farko wai ya tambayi malamin don me rubutun boko ke tafiya baibai, daga hagu zuwa dama, aka ce masa a aji ba a tambaya sai an tambaye ka. Ya kiyaye. Matar Attahiru ta ce surutun ya ragu, har ta samu ta huta. Bature ya ga sunansa cikin na aji, ya sake mini fuska.

Sakkwato, watan Rajab

Yaya, gaisuwa. Ina fata lafiya.

Na aiko miki da takarda tun ana girbi, ban ji komai ba. Da farko na ɗauka fushi ne. Daga baya na ce Yaya ba ta yin shiru in tana fushi, shirun nata yarda ce, ta ga abin yana tafiya ta ƙyale. Da wannan na bar komai yadda yake.

Yanzu ban sani ba. Ranar Juma'a ina alwala a bayan gida, na ji ta kan katanga matar Attahiru tana tambayar yaron ko zai ƙara tuwo. Ya daɗe a kan kalma ɗaya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, sannan ya saki. Ta sake tambaya, ban ji komai ba, ina jin kai ya gyaɗa. Attahiru ya kai wa malamin maganar. Malamin ya ce haka suke yi, in'inar tana wucewa in hannu ya saba, abin da ke ja mata rai shi ne ana kwancewa a gida yaro yana komawa hagu a ɓoye. Ashe an kama shi a bayan rumbu yana zana wasu alamu a ƙasa. Don haka malamin ya ce a bar ƙyallen har a gida, a kwance kawai in za a kewaya ko za a kwanta. Attahiru ya bi, shi amana aka ba shi, ba ya so a ce a hannunsa yaro ya lalace.

Ramatu ma tana jiyowa ta kan katanga. Kullum sai ta dama fura ta aika gidan Attahiru, wai ta yi mana yawa.

Ke ce mai shi. Ki rubuto wa malamin da hannunki, ko ki aiko a ce kina nemansa a gida. In daga gare ki ne ba mai cewa komai. Ki yi sauri, don Allah.

Illela, farkon Sha'aban

Maccido. Ina lafiya, tun da ka tambaya.

Jiya na shigo Illela. Agana ta ɓarke a Ƙonni bayan na isa, Faransawa suka zuba sojoji a hanya, ba shiga ba fita. Wadda na je jinyarta ta rasu, aka yi zaman makoki, na zauna jiran hanya ina kallon garinmu daga nesa. Takardunka biyu na tarar Baraka ta soke su a jikin azara tana jiran in dawo. Ita ba ta karatu, ta ce ta ga rubutun a natse yake, ta ɗauka lafiya ce.

To ga amsar shirun da ka fassara. Ka daɗe kana fassara wa Turawa maganar mutane, ashe har shiru kana fassarawa, kuma fassarar kullum tana faɗawa inda ba za ta tashe ka daga zaune ba. Ni ina bayan iyakar ƙasa da bindigogi. Kai kana bayan katangar da akuya ke tsallakewa. Kuma ni kake jira.

Ban ga laifin malamin sosai ba. An ba shi yara da yawa da ma'auni ɗaya, wanda ya fi ma'aunin dole a rage shi, ba shi da lokacin tambayar kowa yadda aka halicce shi. Ya ma faɗa maka gaskiya, uban yaro yana gari. Ya buɗe maka ƙofa, ka tsaya kana duba ko akwai masu kallo.

Ga takarda zuwa gare shi, na ce ina neman ɗana ya yi azumi a gida. Ka ba Abu yaron ya taho da shi. Kafin nan ka zagaya katangar nan ka kwance ƙyallen. Ba sai ka kira sunansa ba, ƙulli ba ya tambayar suna.

Sakkwato, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Yaya Hindatu. Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya ba ku haƙuri.

Takardarki ta same ni abin da zan gaya miki ya riga ya faru. Baturen makaranta ya zo duba aji, ni ke riƙe masa takardu. Yara suka miƙe tare, suka gaishe shi tare, suka rera baƙaƙen boko da murya ɗaya. A cikin taro bakin yaron ba ya sarƙewa, na ga leɓensa yana tafiya daidai da na kowa. Malamin ya kwance ƙyallen tun kafin mu shiga, amma hannun yana nan a baya inda ya saba. Aka kawo allonsa. Yaya, rubutun ya fi na kowa kyau, da dama, kowane baƙi a zaune kan layinsa. Malamin ya ce wannan da ya zo kamar ɗan akuya yake, ga shi yanzu. Bature ya ji daɗi, ya duƙa ya ce, "Yaro, mene ne sunanka?"

Ya buɗe baki. "La... La..." Ya tsaya. Ya sake ɗauka, jijiyar wuyansa ta tashi. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya juyo ya dube ni. Ban san ya san ni ba, ashe an nuna masa ni tun tuni. Bature ma ya juyo, ya ce ai ga ubansa nan, shi ya faɗa. Malamin yana nan, dattawan unguwa da suka rako mu suna bakin ƙofa. Na dubi takardun da ke hannuna. Attahiru ne ya faɗi sunan.

Bature ya sa a rubuta cewa yaron yana da hannu mai kyau da ladabi, sai dai yana da kunya kamar ubansa. Ni na rubuta.

Kafin in kai gida Ramatu ta ji. Tun da aka yaye shi ba ta taɓa yi mini maganarsa ba. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka maida ma Yaya abinta tun shina da saura."

Na zagaya katangar da rana tsaka, matar Attahiru tana kallo. Na kwance ƙyallen. Ya bar hannun a baya.

An ba shi hutun azumi, ga shi nan tare da Abu. Bature yana so ya dawo bayan salla, ya ce irinsa ake kaiwa gaba. Ni ban san abin da ya dace ba kuma. Ke kin ce a bi yaro. Ki tambaye shi abin da yake so, abin da ya ce shi za a yi, ko da aikin nawa zai tafi. Ki rubuto mini yadda Lawwali ya kwana.

Illela, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga ƙanena Maccido. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Gwiwa da sauƙi, zafi ya fara, rijiyar unguwa ta ja baya.

Na ga layin ƙarshe na takardarka. Rubutun ya yi kyau, alƙalamin bai karye ba, ban kuma ji an ce Sakkwato ta nutse ba.

Lawwali yana kwana lafiya. Yana ci, har ya yi kumatu. Baƙi suna yaba shi. Liman ya ce yaron ya natsu, ashe bokon ma yana da nasa amfanin. Mutanen unguwa sun daina ce masa Don-mi. Ba wanda ya hana su, sunan ne ya rasa abin kamawa.

Cikin azumi Buzaye suka sauka a filin bayan gida. Na ja shi muka je. Akwai wani farin raƙumi da shaidar da ba mu taɓa gani ba, na tsaya a gabansa ina jan lokaci. Yaron ya tsaya a gefena, hannu a baya. Na ce ko ta wane ne wannan? Bai dubi raƙumin ba, fuskata ya duba, yana neman amsar da nake so. Wani tsohon Buzu ya gane shi, ya miƙo masa tsinke, ya karɓa da dama ya yi godiya da kai, ya riƙe har muka dawo gida. In na ce ya rubuta, yana rubutawa, layi a miƙe, baƙi ɗaya har ƙarshe, sannan ya tsaya ya jira. Malaminku bai yi ƙarya ba, hannun yana da kyau.

Na yi abin da ka ce. Na zaunar da shi, abin da ban taɓa yi ba, na ce Lawwali, Sakkwato kake so ko nan? Ya ce, "Yadda anka ce." Wannan kaɗai ke fita daga bakinsa sumul ba sarƙewa. Na juya tambayar ta kowace fuska, amsar ɗaya ce. To ka gani, hanyata tana buƙatar yaron da ya nufi wani wuri. Ba a bin wanda ke tsaye.

Don haka na yanke da kaina: ba zai koma ba. Ka gaya wa Baturenka goggon ce ta hana, wata tsohuwa mai taurin kai a bakin iyaka. Zai yarda, irin labarin da ya fi so ke nan. In duk da haka aikin ya tafi, gonar Baba ta Garu tana nan, ba ta tambayar kowa sunan ɗansa. Ka kuma gaya wa Ramatu furar Illela ma takan yi mana yawa, in ta ga dama ta zo ta taya mu sha.

Saura abu ɗaya, tun da ka tambaya. Lawwali ya zo da ƙyallen a cikin aljihu. Kowace safiya, daidai lokacin da nake jin ana kaɗa muku ƙararrawa, sai ya zo gabana ya miƙo shi, ya juya baya, ya kai hannun ƙugu. Ranar farko na karɓe na ɓoye. Bai yi kuka ba. Ya tsaya a wurin har rana ta take, bai ci ba bai sha ba. Baraka ta ce in jefa abin a murhu, in daka masa tsawa ya dawo hayyacinsa. Wataƙila tana da gaskiya, ku masu tsawa kun fi ni samun abin da kuke nema. Amma tun da ya dawo, wannan kaɗai ne abin da ya nema da kansa, ni kuwa ni na ce a bi yaro. Na fito da shi na ɗaura.

Sako-sako nake ɗaurawa, kullum ina ƙara sassautawa kaɗan, ko wata rana ya zame bai lura ba. Yau da safe ya lura. Ya kai hannun dama baya, ya lalubi bakin ƙyallen, ya ja har ya tamke. Sannan ya zauna, ya miƙe baya, yana jiran a ce masa ya fara.

Wassalam.
Hindatu